Ɗan Da Ban Sa a Takardar Haraji Ba

Motar da ta kawo ni Kaduna a Kawo ta sauke ni, ni kuwa Kakuri aka ce mini. Na ɗauka wata unguwa ce nan bayan tasha, na ɗora ƙullin kayana a ka na kama tafiya. Sai da rana ta take sannan wata mai gasa masara ta tausaya mini, ta ce ai sai na ratsa garin kaf na tsallaka kogi. Ta sa ni a bas. Da muka hau gada na leƙa ƙasa, sai na ga ruwa jajir yana ta wucewa abinsa, babu mai ɗiba. Ni da na baro Tasawa, can ƙetaren iyaka, a shekarar fari, inda mata ke zage-zage a kan guga ɗaya, sai kawai na ji haushin kogin ya kama ni.

Sunana Habsu. Mijina ya rasu a cikin wannan farin, ya bar ni da yaro ɗaya. Na zo Kakuri ne neman wata 'yar garinmu da aka ce tana sayar da abinci a bakin masaƙa. Na tarar ta daɗe da tashi, wasu suka ce Legas, wasu suka ce aure. Na tsaya a bakin titi da ƙullina, ban san ko mutum ɗaya ba a duk faɗin garin.

Yaron kuwa can gida na bar shi, wajen kakarsa ta wajen uba. Ba wani sabon abu na yi ba, tun da aka yaye shi a ɗakinta yake kwana. Ɗan fari ne, kuma sunan mahaifin mijina ya ci. Kunya biyu ke nan a kaina. A gidanmu ko ɗaukarsa ba na yi in da idon mutane, in baƙi suka tambaya sai in ce ƙanena ne, a yi dariya. In ina son ya miƙo mini abu, "kai" nake cewa, ko "wannan yaron". Shi kuma Habsu yake kirana, kamar kowa. Haka uwata ta yi wa yayana, ban taɓa jin wani ya ce ba ta son shi ba.

Na sami ɗaki a Makera, a wani gidan haya mai dogon tsakar gida da famfo ɗaya. Maƙwabciyata Saratu ce, mutuniyar wajen Zonkwa, tana aiki a sashen zare na masaƙa. Kowa a gidan Maman Istifanus yake ce mata, ita ma in aka kira ta haka har wani daɗi take ji. Ranar da na tare ta leƙo ta ce, "Sannu da zuwa. To, maman wa za mu riƙa kiran ki?"

Na ce, "Habsu dai."

Ta dube ni, ta ɗauka Allah bai ba ni haihuwa ba. Daga ranar ba ta ƙara yi mini zancen 'ya'ya ba. Ita ta ara mini tukunyar da na fara tuƙa tuwo da ita, ita ta nuna mini inda ake sayen itace da arha.

Na fara sayar da tuwo da miyar kuka a bakin ƙofar masaƙa. Jiniya tana yin kuka ma'aikata za su fito kamar an buɗe wa tumaki garke, auduga a gashinsu, kowa yunwa na cin shi. Suka sa mini suna 'Yar Faranshi, don sun ji ina cewa "lahiya". Na yi dariya tare da su, har zuwa lokacin da aka rufe iyaka aka fara kwashe baƙi a manyan motoci. Daga nan na gyara bakina. Na koyi cewa "lafiya", na rage magana, in an tambaye ni gari in ce wajen Daura. Saƙo ba ya zuwa, ba ya dawowa. Ban san ko tsohuwar tana raye ba, ban san ko yaron ya ci ya ƙoshi ba. Ina ciyar da ɗaruruwan 'ya'yan mutane kullum, in koma ɗaki in ci ƙanzo ni kaɗai. Kewa ta dame ni ƙwarai a wannan lokacin, kuma babu wanda zan gaya wa, don wanda nake kewar ma ban yarda akwai shi ba.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne safiya. Masaƙar tana da makarantar firamare ta 'ya'yan ma'aikata, yaran kan wuce ta gaban tukwanena da farar riga da koren wando. Sai in riƙa auna su da ido, ina cewa wannan ya kai shi tsawo, wancan bai kai ba. Ban ma san tsawon nasa ba a lokacin, hasashe kawai nake yi.

Wata rana babban jami'in da ke kula da walwalar ma'aikata, wanda kowa ke kira Walfiya, ya ci tuwona ya suɗe hannu. Ya ce akwai wuri a ɗakin cin abinci na cikin masaƙa, in ina so. Babu ruwan sama, babu 'yan tsafta masu kifar da tukunya. Kuma duk mai sana'a a ciki, 'ya'yansa na da hakkin shiga makarantar nan. Wannan maganar ta ƙarshe ita ta tsaya mini a zuciya. Sharaɗi ɗaya ne, in kawo takardar shaidar biyan haraji.

Ni harajin da na sani shi ne lanho na gida. Mai gari ya ƙirga kawuna, maigida ya biya, mace ko ganin takardar ba ta yi. Na hau bas na sake tsallaka kogi zuwa ofishin haraji. Tun kafin in kai ƙofa wani mai kwat da taye ya tare ni daga gindin bishiya, inda ya kafa tebur da tafireta.

Ya ce, "Hajiya, kilarans ne? In kin shiga ciki sai su yi wata uku suna juya ki. Ni nan ejan ne, yau-yau za ki tafi da abinki."

Ban taɓa zuwa Makka ba, amma Hajiyar nan ta yi mini daɗi. Na kwance bakin zanena na ba shi abin da na daɗe ina tarawa. Ya ƙwanƙwasa tafireta, ya buga hatimi har biyu, ya hura, ya miƙo mini da hannu biyu.

Walfiya bai ko gama karantawa ba ya tuntsire da dariya. Ya kira akawunsa ya nuna masa. Ashe hatimin da gindin silifa aka sassaƙa shi, har wani harafi ya juya baya. Da ya gama dariyar sai ya ɗaure fuska ya ce in da wani ne ba shi ba, 'yan sanda zai kira. Mace baƙuwa da takardar jabu a wannan zamanin, ai motar kwashe mutane kawai ta rage. Na koma gindin bishiyar, na tarar da mai sayar da lemo a wurin, ya ce bai taɓa ganin wani mai tafireta ba.

Saratu ce ta same ni zaune a bakin famfo, bokiti ya cika yana zuba ban sani ba. Da ta ji labari ta tafa hannu ta ce, "Haba Habsu! Kina da baki ba ki tambaya? Akwai akanta a cocinmu, mai lasisi ne, aikinsa ke nan. Gobe in na tashi aiki sai mu je."

Ofishin Mista Bitrus yana saman wani kemis kusa da kasuwar Kakuri. Ɗaki ne ƙarami, fanka na juyawa tana ɗaga takardu, an danne su da duwatsu. Ya nuna mini wata takarda a bango cikin gilashi ya ce, "Kin ga wannan? Ita ce lasisina. Ni ba na sayar da kilarans. Zan tambaye ki, ki gaya mini gaskiya, in cika fom, in sa hannu. In ƙarya ta shiga, wannan ce za a sauke daga bango."

Na yi ƙarfin hali na gaya masa daga inda na fito. Ya ce haraji ba ya tambayar garin mutum, inda ka samu nan za ka biya. Ya yi ta tambaya, buhu nawa na masara, itace, manja, ladan mai wanke kwanuka. Ashe abin da ka kashe a kan sana'a ana cire shi kafin a yanka maka. Ban taɓa ganin wanda ya zauna ya saurari wahalata dalla-dalla kamar mutumin nan ba, ko da yake shi lissafi yake yi.

Can sai ya juya shafi, bai ko ɗago ba, ya ce, "Yara fa? Akwai rangwame a kan kowane ɗa. Kina da 'ya'ya?"

Namiji baƙo, ido da ido, ga Saratu zaune a gefe. Na sunkuyar da kai na ja bakin mayafi. Bakina ya faɗi abin da ya saba faɗa tun ina amarya.

Na ce, "A'a."

Saratu ta taɓa shi da ido alamar ya wuce wurin, kada ya fama mini ciwo. Ya ja layi ya wuce. Ni ko a jikina, ban ɗauke ta ƙarya ba. Kowa a Tasawa ya san ma'anar wannan a'a ɗin. Na manta ba a Tasawa nake ba, kuma takarda ba ta san kunya ba.

Kilarans ya fito na gaske, na shiga ciki da tukwanena. Kowace shekara in lokaci ya yi sai in hau matakalar kemis, Mista Bitrus ya ciro fayil ɗina, ya ce, "Babu canji?" in ce babu.

Da aka buɗe iyaka na sami wani mai fataucin wake na ba shi saƙo. Amsa ta daɗe kafin ta zo. Tsohuwar ta rasu tun bara, yaron yana hannun Malam Ila, wan mijina. Na sake aikawa, na roƙe shi don Allah ya kawo shi ya yi karatu, akwai makaranta kyauta. Sai ga su wata ranar Talata da hantsi, sun sha ƙura a bayan motar wake. Yaron ya yi tsawo, ya rame, ya fi duk waɗanda nake aunawa. Zuciyata kamar ta fito. Na dube shi sau ɗaya na kau da kai, na ce, "Kai, ɗauko wa Malam tabarma."

Malam Ila mutum ne mai magana ɗaya. Ya ce, "Damana ta kusa, kuma hannu nika so a gona. Na kawo shi don kin roƙa. In lakkwal, makarantar nan taku, ta ɗauke shi, shi zamna. In ba ta ɗauka ba, motar da ta kawo mu za ta koma ran Lahadi, da shi za ni."

Washegari muka tafi ofishin Walfiya mu uku. Ya ciro fayil ɗina, wanda kwafin takardun harajina ke ciki. Ya duba, ya dubi yaron, ya dube ni.

Ya ce, "Madam, wannan ɗan wa ne?"

Malam Ila ya ce ɗan ƙanensa ne marigayi.

Walfiya ya ce, "To ai ka ji. Kowa sai ya kwaso 'ya'yan dangi daga ƙauye ya ce nasa ne. Makarantar 'ya'yan cikinku ce, ba ta 'ya'yan riƙo ba. Ga shi nan a rubuce, shekara da shekaru, da hannun akanta mai lasisi. Matar nan ba ta da ɗa. Ita da bakinta ta faɗa."

Da Hausa ya yi maganar, kuma da ƙarfi. Yaron yana tsaye a jikin ƙofa. A gida ya sha jin ina cewa ƙanena ne, yana dariya, don kowa na dariya. Wannan karon babu wanda ya yi dariya. Na ga ya dubi fayil ɗin, ya dubi ƙafafunsa. Da muka koma gida na zuba masa tuwo da nama, ya ce ya ƙoshi. Da la'asar na ji yana tambayar Malam Ila ko Lahadi da safe motar za ta tashi.

Ban jira Saratu ba, na hau matakalar kemis ni kaɗai. Na kwashe labari na gaya wa Mista Bitrus, ina kewaye-kewaye, "yaron gidanmu", "wanda aka kawo". Sai da ya ajiye biro ya ce, "Tsaya. Ke kika haife shi?" Na ɗaga kai.

Ya cire tabarau ya murje ido. Ya ce, "Ɗan fari ne ko? Kai! Na san ana yi, ban kawo shi a raina ba ranar." Ya mayar da tabarau. "Kin yi ta biyan abin da ya fi naki, wannan mai sauƙi ne. Amma ba zan iya ɗaukar biro kawai in ƙara ɗa ba. Mutanen haraji za su ce mun ƙirƙiro shi don rangwame, Walfiya ma haka zai ce. Sai kin yi takardar rantsuwa a kotu, in haɗa da wasiƙata in kai a gyara. Zan buga takardar yau. Amma a can, ke za ki yi magana."

Na ce ko Malam Ila zai iya faɗa a madadina. Ya ce a'a. Na ce ko in dangwala yatsa kawai. Ya ce a'a. Har na fara jin haushinsa, na ce a raina mutumin nan da lasisinsa sai ka ce shi ya haife ta. Sunan yaron ma da zai buga, sai da ya aika gida aka tambayo Malam Ila.

Ranar Juma'a da safe muka je kotun majistare. Mista Bitrus ya rufe ofishinsa ya raka mu, bai karɓi ko sisi a kan wannan ba. Aka shigar da mu wani ɗaki wajen magatakarda, wani dattijo mai furfura a gemu. Ya karanta takardar, ya tambaya ko na iya karatun boko. A lokacin ban iya ba.

Ya ce, "To doka ta ce in ji daga bakinki. Ɗaga hannu. Wannan yaron, mene ne shi a wurinki, kuma yaya sunansa?"

Fanka na juyawa. Ga wan mijina a dama, wanda ko abinci ban taɓa ci a gabansa ba, kuma sunan da ake so in kira sunan ubansa ne. Ga yaron a hagu. Gumi ya jiƙa mini mayafi. Magatakarda ya dubi agogo, ya ce akwai mutane a waje, kuma yau Juma'a.

Sai Malam Ila ya yi gyaran murya ya ce, "Bari in hita in zubda yawun goro."

Ya fita ya ja ƙofa. Tun da muka baro gida ban ga ya sa goro a baki ba.

Na dubi bango. Na tuna motar wake, na tuna safiyar Litinin da yaran za su wuce da koren wando ina auna su. Na ce, "Ɗana ne. Ni na haihe shi."

"Sunansa?"

"Isuhu."

Muryata ta fito kamar ta wata. Magatakarda ya ce bai ji ba, sai da na sake faɗa da ƙarfi, har na waje ma sun ji. Ya buga hatimi, na dangwala yatsa. Shi a wurinsa aikin minti biyu ne, har ya kira na gaba.

Mista Bitrus ya karɓi takardar ya wuce ofishin haraji, ya ce zai biya wa Walfiya da kwafi kafin a tashi. Malam Ila ya ce masallaci za shi, ya yi gaba bai dube ni ba, na kuwa gode masa da hakan. Aka bar ni da yaron a bakin titi muna jiran bas. Na rasa inda zan sa idona. Muka daɗe a tsaye, motoci na wucewa.

Can ya ce, a hankali, yana kallon kwalta, "Ashe kin san sunan."

Shekarun nan duka ina zaton ya sani, yadda yayana ya sani. Na ce, "Rufe mini baki, ga mota nan." Amma da muka zo tsallaka titi na kama hannunsa, ban sake shi ba har Makera, mutane na kallo.

Ran Lahadi motar wake ta tashi da Malam Ila shi kaɗai. Ran Litinin na tashi da wuri na goge farar riga da koren wando da dutsen gugar Saratu. Ita kuwa tun da ta ji labarin take faɗa da ni, wai na bar ta shekara da shekaru tana tausayina a banza, har addu'a ta sa aka yi mini a coci. Yaron ya fita da allonsa a hammata, ina tsugune ina wanke tukunya, ban ɗago ba.

Daga can ƙarshen tsakar gida, a gaban duk matan haya, Saratu ta ɗaga murya.

"Maman Isuhu! Kin gama da dutsen gugar?"

Yaron ya tsaya cak a bakin zaure, bai juyo ba, yana jira. Na ji kunya tun daga tafin ƙafata har ƙeya.

Na ce, "Na'am. Ga shi nan."